Tsargiya da Jijiyoyin Huhu: Gargaɗi ga Manoman Kadawa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya wadaci Kadawa da Kura da Bunkure, rani da damina. Shinkafa da alkama da tumatir sun yi albarka. Amma ku sani, jama'a, cikin magudanan nan dodon koɗi ke hayayyafa, shi ne kuwa masaukin tsutsar tsargiya.

Kowa ya san tsargiya da fitsarin jini, amma akwai irinta mai kama hanji da hanta. Tsutsar tana zuba ƙwai cikin jini. In hanta ta cushe, sai jini ya sake hanya, ya kwashi ƙwan ya kai huhu. Can sukan maƙale cikin ƙananan jijiyoyi, bangon jijiya ya yi kauri, hanya ta ƙuntata. Sashen dama na zuciya, mai tura jini huhu, ya yi ta fama har ya gaji.

Alamun wannan ciwo na jijiyoyin huhu su ne haki da ɗan aiki kaɗan, kasala, jiri ko suma, da kumburin ƙafafu. Sau da yawa akan zaci asma ce ko tarin fuka.

Ga yadda likita ke bincike, daki-daki. Da fari a duba fitsari da bayan gida a madubin likita, ko akwai ƙwai. Sannan hoton ciki, don ganin hanta da saifa. Sai hoton ƙirji da awon bugun zuciya. Babban matakin shi ne hoton zuciya da ake kira eko: ba allura, ba yanka, yakan nuna girman sashen dama, ya ƙiyasta ƙarfin jinin huhu. Ana yin sa a manyan asibitoci, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tabbaci kuwa sai an zura siririn bututu ta jijiyar wuya ko cinya har zuciya. In awon ƙarfin jinin huhu ya haura 20, ciwon ya tabbata.

Maganin Praziquantel yana kashe tsutsa, amma ba ya gyara jijiyar da ta riga ta lalace. Saboda haka in an zo rabon sa a makaranta, ku bar yara su sha. Wanda kuma ya taɓa yin tsargiya, ya ga haki ya dame shi, ya tafi asibiti ya gaya wa likita cewa cikin ruwan rani yake aiki.