Yadda Ake Saba wa 'Ya'yan Kifin Bas da Abincin Hannu

Kifin bas mai babban baki ɗan asalin koguna da tafkunan gabashi da tsakiyar Amurka ta Arewa ne, kodayake yau ƙasar Sin ce kan gaba wajen kiwonsa, musamman lardin Guangdong. Tun yana ƙarami mafarauci ne. Saboda haka girmansa ya rataya ne a kan lokacin da aka sauya masa abinci da yadda aka ware manya daga ƙanana, fiye da yawan abin da aka zuba masa.

Da farko a zuba taki a tafkin reno kwanaki kaɗan kafin a saki 'ya'yan, domin ƙananan halittun ruwa su yawaita. Su ne abincinsu da zarar gwaiduwar da suka ƙyanƙyashe da ita ta ƙare, daga nan kuma su koma kan tsutsotsin ƙwari. Da sun kai santimita 3 zuwa 5, a kwashe su babu jinkiri, don a lokacin ne bakinsu ke faɗaɗa har ya iya haɗiye kifi, kifin da ya fi kusa kuwa ɗan'uwa ne. Sai ka ga ɗaya yana iyo da wutsiyar wani ta leƙo daga bakinsa, kamar yadda masu kiwon tarwada suka saba gani. Wanda ya fara cin kifi yakan tsere wa sauran a girma, tazarar kuma kullum ƙaruwa take.

Bayan kwashewa, a tace su da rariyar tantance girma, kowane rukuni da tankinsa, a cunkushe su da gangan cikin ruwa mai gudana da wadatar iska. Cunkoson yana tayar da rububi, mai jin tsoro ya ga na kusa ya cafka shi ma ya cafka. A fara da busassun ƙananan jatan landen teku ko niƙaƙƙen kifi, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, sannan a riƙa haɗawa da ƙwayar abinci ana ƙara rabonta har ta maye gurbin komai cikin kamar mako biyu. Waɗanda suka ƙi ci ana gane su da babban kai da shafaffen ciki. A ware su a sake gwadawa.

Wasu kan ce tacewar tana wahalar da kifi har ta kashe wasu. Haka ne, idan an yi ta da rana tsaka ko ciki cike. A yi da sassafe, kafin ciyarwa, a kuma yi sauri. Asarar tacewa ana ganin gawarta a ƙirga, ta cin juna kuwa sai ranar lissafi ake ganewa. Wasu kuma sun fi son ci gaba da ba su ƙananan kifaye masu rai tunda shi ne abincinsu na asali, amma wannan hanya tana shigo da cuta, ga tsada. Don haka ƙwayar abinci ta fi, sharaɗin kawai shi ne ta dace da mai cin nama: furotin sama da kashi 40 cikin ɗari, sitaci kaɗan, domin jikin bas ba ya sarrafa sitaci da kyau, idan ya yi yawa hantarsa takan kumbura ta yi fari, girma ya tsaya.