Ganye Ɗanye da Cutar da Ido Ba Ya Gani

Ni mutumin Dagona ne, a ƙasar Bade, tsakanin Nguru da Gashuwa. In ruwan kogi ya janye da kaka, sai mutanenmu su shiga fadama su kafa lambuna, su shuka albasa da tumatir da alayyafo da latas. Da hutun da ya wuce na je gida, wani abokina ya sayo latas, ya ɗauraye a kwano, muka kwaɗa da ƙuli-ƙuli muka ci. Bayan kwana uku sai ga mu kwance, ciki na murɗa, zawo ba tsayawa. Ƙanensa ƙarami da ya ci tare da mu sai da aka kai shi asibiti. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta mana abin da na koya daga baya, gama mu ne za mu koya wa yara gobe.

Ƙwayoyin cutar da ke manne wa ganye ƙanana ne ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to, a nan bai sani ba. Ganye ya kan yi kore shar, ba wari, ba ɗaci, alhali kuwa yana ɗauke da cuta. Akwai mai kawo kwalara, watau amai da gudawa, akwai mai kawo zazzaɓin taifot, akwai kuma wadda likitoci ke kira E. coli. Wani irin wannan ta ƙarshen yana zaune cikin hanjin shanu, ba ya yi musu kome, amma in ya shiga cikin mutum ya kan sa zawo da jini, har ya taɓa ƙodar yara. In ta sami ɗumi da laima da abinci, ƙwaya ɗaya ta kan rabu biyu cikin minti 20. Ku yi lissafi da kanku: cikin sa'a 7 ɗaya ta wuce miliyan 2.

Yaya su ke isa ga ganyen? Duk hanyarsu ɗaya ce, daga kashin mutum ko na dabba zuwa baki. Shanu na sauka mashaya, mutane na zagayawa bakin rafi, sa'an nan injin ban-ruwa ya zuƙo ruwan nan ya watsa bisa latas. Wani ya zuba ɗanyen taki da bai ruɓe ba. A kasuwa kuwa mai sayarwa ya kan yini yana yayyafa wa ganye ruwan bokiti guda don kada ya yi yaushi. Miyar alayyafo da yakuwa ba ta da wannan haɗari, domin wuta na kashe ƙwayoyin. Latas da kabeji da lansir kuwa ɗanyu a ke cinsu.

Kada ku zaci abin namu ne mu kaɗai. A Amurka, cikin 2006, alayyafon Turawa da a ke sayarwa cikin leda ya kwantar da mutum wajen 200, uku suka mutu, aka janye shi daga kantuna. Cikin 2018 kuma wani irin latas da aka noma a Yuma, ta jihar Arizona, ya kama mutum 210 a jihohi 36, biyar suka rasu. Da aka bi sawu sai aka tarar da ƙwayar cikin ruwan magudanar da a ke ba gonakin, ga kuwa wani babban garken shanu kusa da ita. Ashe abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Amma ga bambanci. Can leda tana ɗauke da sunan kamfani da lamba, saboda haka hukuma na iya shela a ce kowa ya zubar da nasa, kantuna su kwashe saura. A nan hukumar NAFDAC ta kan janye magani ko abincin gwangwani in an same shi da illa, gama yana da lamba. Latas ɗin da aka tsinke da asuba a Dagona fa? Kafin azahar ya watsu a kasuwar Gashuwa, kafin magariba an cinye. Wa za a kira ya maido? Ke nan tsaronmu yana wuri biyu ne kawai, lambu da madafa.

Ga mai lambu, ya bar taki ya ruɓe sarai. Ƙa'idar da masu noma da takin gargajiya ke bi a Amurka ita ce kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da tsinkar ganye. Ya kora ruwa ta gindin shuka, kada ya kwara bisa ganye. Ya shinge lambu saboda dabbobi.

Ga mai abinci, ya fara wanke hannu da sabulu. Ya yar da ganyen waje, ya ɓare sauran ɗai-ɗai, ya wanke da ruwan da shi kansa zai iya sha, ana zubowa yana gangarewa, ba a dulmuya cikin kwano guda ba. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama kada ta taɓa shi. Amma mu sani wanki rage ƙwayoyi ya ke yi, ba ya ƙare su duka. Don haka lokacin annobar amai da gudawa, irin ta 2021 da ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, sai a haƙura da ɗanyen ganye, a dafa.

In zawo ya kama mutum, a dama sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi. In an ga jini, ko fitsarin yaro ya ragu, sai asibiti maza.

Ranar da kuka shiga aji, ku gwada wannan. Ku barbaɗa wa ganye biyu garin gawayi, yara su dulmuya ɗaya cikin kwano, ɗayan a zubo masa ruwa daga buta. Sa'an nan ku tambaye su wanne za su yarda su ci. Abin da yaro ya gani da idonsa shi zai kai wa uwa tasa gida. Allah ya ba mu lafiya.