YADDA TUKUNYAR TURURI KE TASHI DA LANTARKI

Tukunyar tururi, wadda ma'aikata ke kira boila, ita ce ke ba da ruwan zafi da tururi a manyan asibitoci, da masaukan baƙi, da masana'antun turara shinkafa. A Suleja, daga unguwar Hashimi zuwa kewayen gari, akwai samari masu koyon aikin waya waɗanda wata rana za a kira su gaban irin wannan tukunya. Domin su, da kowane mai kula da boila a ƙasar nan, aka shirya wannan darasi.

Dalilin yin hattara

Idan ruwa ya zama tururi, yakan nemi wurin da ya ninka nasa fiye da sau 1,600. A shekarar 1905 tukunya ta fashe a wata masana'antar takalma a garin Brockton na Amurka, mutum 58 suka hallaka. Irin wannan hasara ce ta sa aka tsara boila ta zamani yadda ba za ta kama wuta ba sai an bi mataki bayan mataki.

Matakan tashi

1. Mai aiki ya kunna babban makunni. Lantarki ya bi ta fis ya isa akwatin sarrafawa, watau inda ake ba kowane sashe umurni.

2. Ma'aunin zafi ko na matsin tururi ya nuna cewa ana bukatar wuta.

3. Lantarki ya ratsa makunnan tsaro. An jera su a kan waya guda, kamar ƙofofin soraye a gidan sarauta: wanda bai wuce na farko ba, ba shi ganin na biyu. Ɗaya yana duba ko ruwa ya isa, ɗaya ko zafi ko matsi ya wuce kima, ɗaya kuma ƙarfin mai ko iskar gas. Ko guda ya ƙi rufewa, nan tafiya ta tsaya.

4. Fanka ta tashi ta hura iska cikin murhu, sau da yawa na kimanin sakan 30 ko fiye, alhali bawul ɗin mai yana rufe. Wannan shi ne sharar murhu. Amfaninsa korar ragowar gas da ya maƙale ya fita ta bututun hayaƙi. Wani makunni kuma yana tabbatar da cewa iskar tana gudana da gaske.

5. Ƙaramar taransifoma ta ɗaga lantarki zuwa wajen bolt 10,000, tartsatsi ya tashi tsakanin tsinken ƙarfe biyu. Sa'an nan ƙaramin bawul ya buɗe, 'yar wutar kunni ta kama.

6. Idon wuta, wata na'ura mai gane harshen wuta, ya shaida wa akwati cewa ta kama. Sai bayan wannan shaida babban bawul zai buɗe, tartsatsi ya ɗauke, tukunya ta shiga aiki.

Idan wuta ba ta kama ba

In idon bai ga wuta cikin 'yan sakan da aka ƙayyade ba, akwati zai rufe mai nan take, ya kulle kansa, jar fitila ta kama. Ba zai sake tashi ba sai mutum ya danna maɓalli da hannunsa.

A nan ne haɗari ya fi yawa. Wanda ya yi ta danna maɓallin ba tare da binciken dalili ba, kowane gwaji yana iya ƙara zuba mai cikin murhu, har ranar da tartsatsi zai tarar da shi a tare. Mafi muni shi ne ɗaura guntuwar waya a tsallake makunnin ruwa don gudun tsayar da aiki. Tukunyar da aka hura wa wuta ba isasshen ruwa, ƙarfenta zai yi ja ya yi laushi, ƙarshenta fashewa. Haka kuma in an ɗauke wuta aka koma kan janareta, a bar boila ta soma matakanta daga farko, kada a gajarta sharar murhu.

Abin da doka ta ce

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta cewa sufeto mai izini ya binciki kowace tukunyar tururi ta masana'anta aƙalla sau ɗaya cikin wata 14, da kuma bayan kowane babban gyara. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke kula da wannan.

Saboda haka, jama'a, in boila ta kulle kanta, a rufe mai, a kashe babban makunni, a rubuta lokacin da abin ya faru cikin littafin aiki, kana a kira gwanin da ya san ta. Tsayar da aiki na wuni guda ya fi sauƙi bisa ga hasarar rai.