Darasin Aikin Hannu: Ƙunshi Mai Fuska Huɗu

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ga wani darasi da na yi wa 'yan aji huɗu sa'ad da na fita gwajin koyarwa.

Da fari na tambaye su, don me ake ƙunsa goro cikin ganye? Suka ce don kada ya bushe. Na ce, to, aikin ƙunshi ke nan, watau ya tsare abinci, kada kuma ya ci kuɗi da yawa.

Da can a ƙasar Suwidin cikin kwalabe ake sayar da madara. Kwalba kuwa ga nauyi, ga fashewa, ga wahalar wanki. A 1944 wani ma'aikaci, Erik Wallenberg, ya gano dabarar yin ƙunshin madara mai fuska huɗu da takarda. A 1952 kamfanin Tetra Pak ya kai injinsa na farko gidan madara na birnin Lund.

Ga yadda za ku nuna wa yara dabarar. A naɗe takarda kamar bututu, a manne gefenta da gam. A matse bakin ƙasa a manne. Sa'an nan a matse bakin sama, amma a gicciye. Sai ga ƙunshi mai fuska huɗu, kowace mai kusurwa uku, ba a yar da ko ƙyallen takarda ba.

Amma fa ku yi hankali. Ni na zuba ruwa a nawa, ya jiƙe, ya ɓata mini riga gaban yara. Ashe takardar kamfanin an shafe ta da roba. Ku gwada da gyaɗa.