Yayata ta yi jijjiga, ni ma zan gaje ta?

TAMBAYA: Ina ɗauke da cikin fari na wata uku. Mahaifiyarmu ta yi fama da hawan jini lokacin da take da cikina, yayata kuma ta yi jijjiga a haihuwarta ta farko, da ƙyar aka ceto ta. A gida wasu na cewa a jininmu yake, wasu na cewa iska ce. Shin gado ne? Me zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah Ya raba lafiya. Jijjiga ba iska ba ce. Ƙarshen wata lalura ce da ke somawa bayan mako 20 na ciki, inda jini ke hawa ya kai 140/90 ko ya wuce, furotin kuma ya fara fita a fitsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana samun kashi 2 zuwa 8 cikin ɗari na masu juna biyu. Tushenta a mabiyiya yake: idan ba ta kafu sosai a jikin mahaifa ba, jini ba ya isarta yadda ya kamata, sai ta saki sinadaran da ke takura jijiyoyin jinin uwa.

Maganar gado gaskiya ce. Macen da mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi wannan lalura, haɗarinta ya ninka na sauran mata sau biyu zuwa uku. Uba ma yana da hannu, domin mabiyiya daga halittar jariri take, rabin ƙwayoyin gadonta na uban ne. Wani bincike a ƙasar Norway a 2005 ya nuna cewa namijin da aka haifa a irin wannan ciki, haɗarin matarsa yakan ƙaru. A 2017 masana suka gano wani sauyi kusa da ƙwayar gado mai suna FLT1 a jikin jariri da ke ƙara haɗarin. Akwai kuma ƙwayar gado mai suna APOL1, wadda wasu nau'o'inta suka yawaita a Afirka ta Yamma saboda suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci, amma an danganta su da ciwon ƙoda, da kuma wannan lalura idan jariri ya gaje su daga iyaye biyu.

Kada hankalinki ya tashi. Mafi yawan matan da ke da irin tarihin gidanku suna sauka lafiya. Sai dai abu biyu sun haɗu a kanki, cikin fari da tarihin dangi, kuma wannan ya isa a sa miki ido na musamman.

Ki fara zuwa awo a wannan makon, ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya labarin mahaifiyarki da yayarki ko ba ta tambaya ba. Ki tambayi likita game da ƙaramin asfirin da ake fara sha daga mako 12, da ƙwayar kalsiyam, domin dukansu suna rage haɗarin. Kada ki saya da kanki a kemis. A auna jininki da fitsarinki a kowane awo.

Idan kika ji ciwon kai mai tsanani, ko dishi-dishin gani, ko kumburin fuska da hannuwa, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, a tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne. Akwai allurar magnesiyam salfet da ke hana jijjiga. Lalurar kan taso ko bayan haihuwa, don haka a ci gaba da lura har a yi arba'in.

Ki karanta wa maigida da surukarki waɗannan alamomi, su haddace su, a kuma tanadi kuɗin mota tun yanzu. A asibiti za ki haihu, da yardar Allah.