Darasin Lafiya: Kalmomin Asibiti Game da Al'adar Mata

 Darasinmu na wannan wata ya shafi abin da ba a saba faɗa a taro ba, wato jinin al'ada. Sau da yawa mace takan je asibitin Tsafe ko na Bunguɗu, ko a tura ta babban asibitin tarayya na Gusau, a rubuta mata kati da Turanci, ta koma gida ba ta san abin da aka rubuta ba. Matambayi ba ya ɓata. Ga kalmomin da ya kamata mu sani.

1. Menstruation, ko menses, ko period. Duka ukun ma'anarsu al'ada. Menses daga Latin take, ma'anarta watanni, kamar yadda mu ma mukan ce ganin wata. Daga farkon wata al'ada zuwa farkon ta gaba yakan ɗauki kwana 21 zuwa 35. Jinin yakan yi kwana 2 zuwa 7.

2. LMP. Wannan ita ce ranar da al'ada ta ƙarshe ta fara, ba ranar da ta ɗauke ba. Da ita ungozomar asibiti ke lissafin haihuwa: takan ƙirga mako 40, ta rubuta ranar a gaban haruffan EDD. Saboda haka kowace mace ta riƙa sa alama a kalanda duk wata.

3. Amenorrhoea. Rashin ganin al'ada ke nan. Ciki da shayarwa su ne manyan dalilai, amma rashin abinci da doguwar jinya ma sukan kawo shi. Idan wata 3 suka wuce ba ciki, ko yarinya ta kai shekara 15 ba ta fara ba, a je asibiti. Kada a yarda a yi mata yankan gishiri. Ba ya kawo jini, kuma yana jawo yoyon fitsari.

4. Dysmenorrhoea. Ciwon mara lokacin al'ada. Tsumma mai ɗumi a kan mara yana taimakawa. In ciwon yana hana aiki ko makaranta, a gaya wa likita.

5. Menorrhagia. Zubar jini fiye da kima: ya wuce mako guda, ko ya zo da manyan gudaji, ko ƙyalle ya jiƙe kowace awa. Yakan kai ga anaemia, wato ƙarancin jini. Alamunsa su ne jiri, haki, da farin ido. Wake, zogale, alayyafo da hanta suna gina jini, amma sai an nemo dalilin zubar.

6. Menopause. Ɗaukewar al'ada gaba ɗaya, yawanci tsakanin shekara 45 da 55. Idan ta ɗauke shekara guda, sa'an nan jini ya dawo, wannan ba al'ada ba ce. Yana iya zama alamar sankarar mahaifa, wadda ake iya maganinta in an gano ta da wuri. Haka kuma jini ga mai ciki ba al'ada ba ne. A kai ta asibiti a ranar.

Mu tuna da matar nan da ke cikin Markus sura 5, wadda ta yi shekara 12 tana zubar jini har dukiyarta ta ƙare. Yesu bai kore ta ba, bai kuma kunyata ta ba. Mu maza, kada mu ce wannan zancen mata ne. Matar da jininta ya ƙare ba ta iya sussuka, ba ta iya ɗebo ruwa, gidan duka ne zai ji a jika.

Tambayoyi don tattaunawa:

(a) Ƙungiyarmu za ta iya ware kuɗin mota daga asusunta domin kai marar lafiya Gusau?

(b) Wace ce a Zumuntar Mata ta iya karatu, da za ta riƙa raka 'yan'uwa asibiti?

(c) Wa ke koya wa 'ya'yanmu mata tun kafin su fara?

Shugabannin ƙungiya su karanta wannan darasi a taro na gaba, mata kuma su sake duba shi a nasu taron. Allah ya ba mu lafiya.