Sunan Mai Sana'a a Cikin Waya

Telan da ke Birnin Kudu ba sai ya kama shago a Kano za a san shi ba. Wayarsa ta isa. Ya riƙe suna ɗaya a Facebook, TikTok da WhatsApp Business, manhajar da ta fito a 2018, inda ake jera kaya da farashinsu.

Hoto ne jarinsa. Ya fito da babbar riga da hantsi, ya matso da waya har aikin wuyan ya fito zare-zare, ba cikin duhun shago ba.

Mai lalle a Gwaram kuwa, kada ta ɗora hoton hannun amarya sai da izininta.

Wanda ya karɓi ɗinkin Sallah, ya rubuta ranar bayarwa a saƙo, ya kuma cika alƙawari.